Haula Siddiq, Wadda Ta Sa Aka San Cukun Dakoro

Ranar Alhamis, 9 ga watan Oktoba na 2025, da hantsi, ina tsakar gida ina shanya cuku, wayata ta yi ƙara. Haula, Tanimu ne, mijinki. Ko sallama bai iya yi ba, sai ya ce, "Yaya Rahinatu, Haula ta cika." Zazzaɓin da muka ɗauka na kwana biyu ne, wanda ya sa aka kai ki likita a Maraɗi, ashe shi ne ajali. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Bayan la'asar aka yi miki sutura a nan Dakoro, jama'a ta cika filin har bakin hanya.

Ni ce sakatariyar ƙungiyar mata masu cuku ta garin nan, kuma a madadinsu nake wannan rubutu. Ba zan ɓoye hawayena ba, amma abin da ya fi yawa a zuciyata yau alfahari ne.

Mun san ki tun kina 'yar lakwal mai rataye da jakar makaranta, ɗiyar Malam Siddiq mai hatsi. Kika yi lise, babbar sakandare, a Maraɗi, kika wuce Yamai kika karanci aikin ordinatar, wato kwamfuta. Da aka yi wa Tanimu canjin wurin aiki zuwa gida, kika biyo shi. A lokacin ƙungiyarmu tana gab da watsewa. Cukunmu busasshe ne mai kyau, na nonon shanu tsantsa, amma sai ranar kasuwa muke sayarwa, 'yan sari su kwashe yadda suka ga dama, su kai birni su liƙa masa sunan wani gari. Mata da yawa sun fara cewa gara su koma dakan gero, wasu ma har sun tafi.

Muna da shafi a intanet tun kafin zuwanki. Wani poroje ne na masu ba da tallafi ya buɗe mana shi, ya sa masa dogon suna na Faransanci wanda mu kanmu ba mu iya faɗa. Babu wanda ya taɓa kiranmu ta dalilinsa. Kika zo taronmu da ordinatarki a jaka, kika duba shafin, kika yi murmushi. Sai kika juya ga Inna Uwale, babbarmu, kika ce, "Inna, in ɗiyarki da ke Yamai ta yi marmarin abin nan, mi za ta ce a aiko mata?"

Inna Uwale ta ce, "Mi kuwa? Cukun Dakoro mana."

Kika ce, "To shi ne sunan shafinmu daga yau. Abin da mutum ke faɗa da bakinsa, shi yake rubutawa a Google. In babu kalmar a shafinmu, ba za a nuna masa mu ba."

Daga nan karatu ya fara, kowace Asabar, a zauren gidanku. Kika koya mana cewa kowane shafi yana son kai, wato take, mai faɗin abin da ke ciki, a taƙaice. Kika sa muka rubuta cuku yadda Bahaushe ke rubuta shi da yadda mai Faransanci ke rubuta shi, don kowa da irin hannunsa. Kika nuna mana yadda ake rage nauyin hoto, domin a cewarki mai saye yana riƙe da waya ne irin tamu, rezo, sabis ɗin waya, yana zuwa yana ɗaukewa, in hoto ya ƙi buɗewa zai tafi. Kika hana mu barin hoto da sunan lambobi, sai an rubuta abin da ke cikinsa. Lambar waya kuwa kika ce a sama take zama, inda ido zai fara sauka. Wadda ba ta iya boko ba, ba ki bar ta a baya ba. Ita za ta faɗi yadda ake tatsa, a sa nono ya kama, a shimfiɗa shi a shanya, mu kuma mu rubuta da maganarta.

Abin bai zo da sauri ba. Watanni suka shuɗe, in an nemi cuku a Google sai an yi ta gangarawa kafin a gan mu. Intalla, makiyayin da ke kawo mana nono daga wajen Birnin Lalle, ya zo ya ce iyalinsa sun gaji da jira, zai kai nononsa wani wuri. Ana cikin haka wani mutum ya kira daga birni, ya yi alkawarin ɗora mu a sama cikin mako guda. Zai cika shafin da yabon ƙarya na mutanen da ba su taɓa ɗanɗana cukunmu ba. Da yawa cikinmu sun so a karɓa. Kika tashi tsaye, muryarki ba ta ɗaga ba, kika ce, "Cukunku ba ya buƙatar ƙarya. Kuma ranar da aka gane, za a jefa mu inda ba mai ganinmu har abada. Ku ba ni zuwa ƙarshen damina."

Ba zama kika yi kina jira ba. Kika bi ƙungiyoyin makiyaya da 'yan garinmu mazauna waje, kina roƙon su ambaci shafinmu a nasu, domin kin ce Google yana yarda da wanda wasu suka shaide shi. Kika sa kowane mako mu ɗora sabon labari da sabon hoto. Kika hau kabu-kabu har rugar Intalla, kika ɗauki hoton shanunsa da izininsa, kika nuna masa su a shafin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ya fasa tafiya.

Wata safiyar Talata wayar ƙungiya ta yi ƙara a hannuna. Wata mai gidan abinci ce a Yamai. Ta ce ta rubuta cukun Dakoro, mu ta fara gani, tana son a riƙa aika mata kowane mako. Na fito babu takalmi na nufi gidanku. Kika saurare ni, kika ce alhamdu lillahi, sannan kika ce, "Yaya, kin tambaye ta sunan tashar da za ta karɓi kolin cukun?" Ban tambaya ba. Muka yi ta dariya. Bayan ita sai Damagaram, sai Agadas, sai ɗalibanmu da ke ƙasashen waje suna saya wa iyayensu. Yau cukunmu yana fita da sunan garinmu a jikinsa, matan da suka tafi duk sun dawo.

Akwai abin da ya fi wannan girma a idona. Lokacin da matan garin Mai Yara, masu sana'a irin tamu, suka zo neman ki koya musu, wasu cikinmu suka ɓata rai, suka ce za su ƙwace mana kasuwa. Kika ce masu neman cuku sun fi ƙarfin hannunmu, kuma ilimin ba gadon gidanku ba ne. Kika koya musu kamar yadda kika koya mana. Haka kika yi wa manoman wake na Sabon Maci da dukawan bakin kasuwa. Ba mu taɓa jin kin ce ke kika yi ba.

Ina miƙa ta'aziyyarmu ga Malam Siddiq da Hajiya Kyauta, iyayen da suka yi tarbiyyar da muka ci moriyarta, da Tanimu, da 'ya'yanki Zakiru da Fatimatuzzahra. Ku yi haƙuri, ku kuma ɗaga kai: ba ku kaɗai kuka yi rashi ba, gari ne ya yi.

Ya Allah, ga baiwarka Haula ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa abin da ta koyar ya zama sadaka mai gudana a gare ta. Ka raya 'ya'yanta a kan halinta, Ka sada mu da ita a Aljannar Firdausi. Amin.