Akwatin Ƙarfen da ke Bayan Motata

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, akwai yini guda da na san ba zai iya ɗauka ba. Ko ni na so in manta, ƙuguna ba zai yarda ba, don har yau da zarar hadari ya haɗo sai ya fara tuna mini. Yinin da ruwa ya ci ƙauyenmu ke nan, mahaifiyata tana ciki, ni kuma ina tsaye a hanya da motar da na kusa shekara ina cika baki a kanta.

Sana'ata dakon kaya da a-kori-kura. In ɗauko shinkafa daga fadama in kawo injin casa a Haɗeja, ranar kasuwar Kafin Hausa kuma in loda awaki da gero. Ni da iyalina muna cikin gari, Inna kuwa ta ƙi barin ƙauye, can cikin fadama inda aka binne mahaifinmu. Ƙanwata ce ke zaune da ita. Gwiwoyin Inna sun daɗe da gajiya, daga ɗakinta zuwa zaure sai ta huta sau biyu. Abin da ke tsakanin gidanta da kogi kuwa jinga ce kawai, wannan tudun ƙasa da mutanen gari ke taruwa su ɗaga duk damina. Wata shekara ruwa ya zo har gindin katangarta sannan ya koma. Na je na ga inda ya bar alama a bango. A wurin na ɗaukar wa kaina alkawari cewa idan ya dawo, motata ce za ta fitar da ita, kuma ba zan tsaya neman komai a wurin kowa ba.

Ana gama kaka na kai motar wurin mai walda ya ƙera mini doguwar akwatin ƙarfe, ya liƙe ta a cikin bodin motar. Na bi ta da kaya kamar mai haɗa lefe. Shebur sabo, doguwar igiya mai kauri, jak, tamfol, jarka biyu cike da fetur, tocila, adda, gidan sauro, maganin zazzaɓi da na gudawa. Na sa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari a cikin bokiti mai murfi. Abin da na fi ji da shi shi ne wasu katakai biyu masu kauri, irin waɗanda ake shimfiɗa wa taya idan mota ta kafe a laka. Har jan fenti na shafa musu a baki don kada su ɓace mini. Na kawo ƙaton kwaɗo na datse.

Direbobin tasharmu suka samu abin yi. Wani ya ce, "Kai kuma yaƙi za ka, ko hijira?" Na ce su yi dariyarsu, ranar da ruwa ya zo za mu ga wanda zai nemi wani. Na faɗi wannan magana da ƙarfi, a gaban mutane da yawa, kuma har yau idan na tuna ta sai na ji kunya ta rufe ni.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne a cikin mutane nake zaune. Ba a yi wata guda ba aka yi rasuwa a unguwarmu, masu haƙar kabari suka aiko shebur ɗinsu ya karye. Wa zai hana shebur a haƙa kabari? Na buɗe na bayar. Bayan nan maƙwabcina ya yi suna, rana ta yi zafi, aka ari tamfol. Da sanyi ya shigo wani aminina ya zo idonsa ja wur, alkamarsa tana bushewa, injin ban-ruwa babu mai, gari kuma ana layin fetur. Ya tafi da jarka ɗaya, bayan sati ya dawo ya ɗauki ta biyun. Saniya ta faɗa rijiya, igiya ta tafi. Jak kuwa wanda ya tambaye ni ko yaƙi za ni, shi ya are shi. Garin kwaki da ƙuli-ƙulin a gidana suka ƙare, ranar da baƙi suka sauka babu shiri. Har ƙanina ya zo wata rana ina cikin cin abinci ya ce ana son wani abu a gida, ban ko ɗaga kai ba na miƙa masa makulli. Daga baya ma da na gaji da tashina da ake yi daga barcin rana, sai na rataye makullin a ƙusa a cikin zaure.

Kowa ya san yadda aro yake a wurinmu. Mai karɓa zai ce, "Yanzun nan za a dawo da shi," kuma har zuciyarsa haka yake nufi. Kai kuma mai kaya ba ka iya zuwa ƙofar gidan da aka yi makoki ka ce a ba ka shebur ɗinka. Ka bi amininka a kan jarka, sai ka ce ka kira shi ɓarawo. Sai ka yi shiru, shi ma ya yi shiru, ku ci gaba da gaisawa a masallaci. Ni kuma kullum na zo shiga mota in ga akwatin nan da ƙaton kwaɗonta, sai hankalina ya kwanta. A raina kowane abu ya dawo, tunda ban ga dalilin da zai hana shi dawowa ba.

Damina ta yi nisa, kogi ya cika ya batse. Wata safiya da hantsi ina wanke gilashin mota ƙanwata ta kira. Ta ce, "Yaya, jinga ta ɓalle ta wajen gonaki. Maza duk suna can suna ta buhunan ƙasa. Ruwa ya shigo layinmu, kuma ka san Inna ba za ta iya taka ƙafa ba." Kafin in tambaye ta komai wayar ta yanke. Na zari makullin akwatin daga ƙusa na faɗa mota. Maiɗakina ta biyo ni har ƙofa tana cewa, "Ka dai duba akwatin nan kafin ka tafi." Na ce mata, "Akwatin da ni na shirya da hannuna?" Na ja mota.

Ina sauka daga kwalta na fara haɗuwa da mutane suna fitowa. Mata da katifu a ka, tsofaffi suna jan awaki, wani ya ɗora kaji a kan keke yana turawa. Babu mai kuka, babu mai magana, kowa ya sunkuyar da kai yana jan ƙafa. Gonakin shinkafa dama da hagu sun zama ruwa ɗaya, sai kawunan ciyawar kacalla ke leƙowa. Na san hanyar nan kamar tafin hannuna, kuma na san akwai wani kwari kafin a kai ƙauyen inda ƙasar take da santsi. Na sa giya ta ɗaya na shige shi da bismilla. A tsakiyarsa tayoyin baya suka fara juyawa a wuri ɗaya. Na taka totur, motar ta ƙara zama.

Ban ji tsoro ba a lokacin, wallahi har wani ɗan daɗi na ji, don ranar da na yi wa shiri ce ta zo. Na haye bodi na buɗe kwaɗo na ɗaga murfi. Tabarmar da nake salla a hanya ce a ciki, da buta, da bokitin da babu komai, da gidan sauron da ɓera ya yi wa ƙofofi. Na tsaya ina kallo. Har hannu na zura na shafa ƙasan akwatin, kamar shebur abu ne da zai maƙale a lungu. Wani dattijo da ke wucewa da akuya a kafaɗa ya leƙo ya ga tabarma da buta, ya ce, "Sannu direba. A nan za ka yi sallar?" Ba da mugunta ya faɗa ba. Ya dubi tayoyin ya girgiza kai ya ce, "Da katako biyu gare ka da tuni ka wuce."

Wasu maza huɗu suka ajiye kayansu suka tura. Muka cusa ciyawa ƙarƙashin taya, muka yi ta yaƙutar laka da hannu. Ruwan da na tarar a idon sawu ya kai ƙwauri. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ka yi haƙuri, 'ya'yana suna gaba." Ban ga laifinsu ba. Na kashe motar, na tattare riga, na nufi ƙauyen a ƙafa. Duk takun da na yi ina tsine wa wanda ya ɗauki katakan nan, ina lissafa irin maganar da zan gaya masa idan na gano shi.

Kafin in kai ƙofar gida ruwa ya kai mini cinya. Katangar baya ta riga ta zauna. Ƙanwata tana tsaye a bakin ɗaki da ƙullin kaya a ka, ta ce jirgin masunta yana can ɗaya gefen garin yana kwasar yara, ba a san lokacin da zai zagayo ba. Na kutsa ɗakin. Gado ya nutse, kwanuka suna yawo a kan ruwa. Inna tana zaune can sama a kan wani dandamali da aka yi da durom biyu, ta tanƙwashe ƙafa, carbi a hannu, ko gefen zanenta bai jiƙe ba. Na kai hannu in kama dandamalin, sai idona ya sauka a kan jan fenti. Katakaina ne. Ashe su ne ƙanina ya zo ya ɗauka ranar nan, ya yi mata wurin ɗora buhunan irin shinkafa don kada sanyin ƙasa ya taɓa su. Da ruwa ya shigo, ƙanwata ta ture buhunan ta tallafa mata ta hau.

Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ka zo? Ina motar?"

Na ce, "Tana hanya, Inna."

Ta ce, "Ita ma gwiwar ce?"

Na juya na durƙusa a cikin ruwa, ƙanwata ta ɗora mini ita a baya, ta kwance mayafinta ta ɗaure mu tare kamar yadda ake goya jariri. Ina da shekara hamsin da wani abu a lokacin, kuma rabona da ɗaukar buhu tun ina yaron mota. Inna ba ta da nauyi a ido, amma tafiya a cikin ruwa da laka tana riƙe maka ƙafa wani abu ne daban. Ƙanwata tana gaba da sanda tana laluben hanya. In yi taku ashirin in tsaya in yi haki. Takalmina ɗaya ya tafi, na bar wa ruwan ɗayan. Akwai inda na ji ƙuguna ya yi ƙara, na ga duhu-duhu, na ce a raina idan na faɗi a nan mu biyu ne za mu tafi. Ƙarar carbin Inna kawai nake ji a gefen kunnena.

Da muka iso kwarin nan, ruwa ya kai ƙofar motar, akwatin tana nan a buɗe yadda na bar ta. Inna ta ce in matsa kusa. Ta leƙa ciki ta daɗe tana kallo, na jira faɗa. Sai ta ce, "Ɗauko butar, za mu yi alwala a gaba." Muka ci gaba. Can da ta ji numfashina ya sauya, ta dafa mini kai ta ce, "Sannu. Ni ma haka na sha wannan hanyar da kai a baya, amma kai kuka kake yi." A nan ne hawaye ya zo mini, kuma ban san ko na gajiya ne ko na kunya ba. Ba mu taka kwalta ba sai bayan la'asar. Na sauke ta a gindin wata bishiya, na kwanta a ƙasa kusa da ita, ko salati na kasa yi da ƙarfi.

Motar ta yi makonni a wurin kafin ruwa ya janye a jawo ta, ta kuma daɗe a wurin bakanike. Ina kwance ina jinyar baya kayana suka fara dawowa. Yau a aiko da shebur, gobe tamfol a naɗe tsaf, jibi mai jak ya zo da kansa ya zauna yana ta murza hula. Na so in yi fushi, amma gajiya ba ta bar ni ba. Kuma da na duba, babu wanda ya ƙwace mini komai a cikinsu. Ni na bayar, ni na ji nauyin tambaya, ni kuma na ƙi ɗaga murfi in duba.

Abin da na koya shi ne shiri ba abu ne da ake yi sau ɗaya a datse da kwaɗo ba. Wanda ke zaune cikin mutane dole ya ba da aro, amma dole kuma ya iya buɗe baki ya ce a dawo masa da kayansa, don kunyar tambaya ba ta kai ta tsayawa a gaban akwati babu komai ba. Yanzu duk Juma'a idan na dawo daga masallaci sai na buɗe ta na taɓa kowane abu da hannuna. Shebur biyu gare ni, ɗaya na mutane, ɗaya na ruwa.

Inna ta ƙarasa kwanakinta a gidana, Allah ya jiƙanta. Katakan nan masu jan baki kuwa ban mayar da su mota ba, suna jingine a ɗakin da ta zauna. A duk shirin da na yi, su kaɗai ne suka isa wurinta a kan lokaci, kuma su ma ba ni na kai su ba.