Aidin ɗin da Na Sha don Muryata

Ana dab da samun 'yancin kai, ni matashi ne a Ƙofar Marke, sabon aure, ina ja wa baffana baƙi idan yana tafsiri da azumi. Ba ni da abin taƙama sai murya. Sai maƙoƙo ya fito mini a wuya, in na ja aya mai tsawo numfashi ya yanke. Na ɓoye shi cikin rawani, don tsoron kada a ba wani wurina.

Wani abokina mai fataucin tufafi ya ce ya ji a kudu aidin na narkar da maƙoƙo. Ban shawarci kowa ba. Na sayi irin wanda ake shafa wa rauni, ina ɗiga shi cikin kunu, in na ga shiru in ƙara. Zuciyata ta riƙa bugawa barkatai, ga zufa, ga rama. Da azumi ya kama, ina yin buɗa-baki sai ciki ya murɗe kamar ana matse wanki, har na koma tsoron abinci. Mutane na cewa gudun duniya nake, ni kuwa yabon na yi mini daɗi.

Matata ce ta gano kwalbar, ta kai wa baffa tana kuka. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi Allah bai ɗora mini kashe kaina don karanta littafinsa ba, kuma wurin nawa ne ko da raɗa zan yi. A ranar ya sa aka kai ni asibiti. Likita ya ce gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke ciyar da hanjina, har wani yanki ya mutu, sai an yanke. Yana zargin aidin ne ya rikita mini zuciya har gudan jinin ya taso daga can, amma bai tabbatar ba.

Aka yi mini aikin, na daɗe ina jinya. Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta, ina kan tabarma a zaure, na shanye ƙwaryar fura ba ciwo, na yi ta hamdala. Azumin da ya biyo na koma gefen baffa.

Jikata mai aikin jinya ta ce har yau masana na binciken alaƙar aidin da toshewar nan. Ni dai abin da na sani, jiki na buƙatarsa, amma da awo. 'Yan'uwa, kada ku sha magani a kan ji-ta-ji-ta. Wanda kuma ciki ke murɗa masa duk bayan cin abinci, ya faɗa wa na kusa da shi, ya nufi likita tun yana iya zuwa da ƙafarsa.