Shekarar da Aka Kai Babban Ɗana Lakwal a Sokode

A zamanin Faransa, da zarar damina ta fara janyewa aka buɗe lakwal, wato makarantar boko, zazzaɓi ma sai ya buɗe tasa kasuwar. Ni kuwa ba na jira ya yi mini sallama. A gidanmu na Dapango, inda fawa ta kai maigidana, ina da wata tsohuwar tukunya da nake dafa saɓara da ganyen dogon yaro da ɓawon maɗaci. Kowa sai ya sha, har shi maigidan mai yatsina fuska kamar an ba shi guba. Wanda na ga idonsa ya yi ja in lulluɓe shi da zane ya yi sirace. Maƙwabtanmu 'yan Moba har sun sa mini suna likita, ban ji haushi ba, don yarana ba sa kwanciya.

A wannan shekarar babban ɗana ya gama ajin da ake yi a Dapango, mushensu, wato malaminsu, ya ce kan yaron na ja, a kai shi Sokode. Aka damƙa shi ga wan maigidana, mai saukar da fataken goro a unguwar Didawure. Na ƙulla sassaƙe da ganye, na haɗa da gidan sauron da na ɗinka da hannuna, na ba mahaifinsa ya ba shi. Ni ban miƙa masa ba. Ɗan fari ne, a wurinmu uwa ba ta kiran sunansa, ba ta jansa a jiki, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Haka aka raine ni, haka na raine shi.

Duk kamiyon da ya zo daga kudu sai in aika a tambayi direba, yaya mutanen Didawure? Amsa ɗaya ce, suna lafiya, suna gaisuwa. To wa zai ce ba lafiya? Mutanenmu ko gawa suke wanka, ka gaishe su, lafiya lau za su ce maka. Su direbobin sun san wanda nake nufi, ni ma na san sun sani, amma aka bar ni da mutanen Didawure.

Wata 'yar Kotokoli mai kawo doya ce ta fasa ƙwan, don ita ba ruwanta da kunyarmu. Tana auna mini doya ta ce, "Ɗanki na lekol ɗin nan ya tashi kuwa? Na gani shi kwance a zaure, ya rame."

Na sami maigida a rumfa yana datsa ƙashi. Ya ce Yaya yana kula da shi, in na je me duniya za ta ce? Na ce duniya ta daɗe tana faɗa. Na goya ƙaramar, na bar sauran wa maƙwabciya, na hau kamiyon shanu.

Abin da na tarar har yau in na tuna sai raina ya tafasa. Gidan saurona yana ɗaure a ɗakin baƙi, wani bafatake mai tumbi yana minshari a ciki da rana tsaka. Ƙullin maganina yana rataye a kicin, ko kwance shi ba a yi ba. Yarona kuwa yana zaure a kan buhunan goro, inda ake yayyafa ruwa kullum don kada goro ya bushe, sauro kamar a ɗiba da hannu. An kula da goro, wallahi an kula da shi.

Wan maigidana ya fito yana gyara rawani. "Ke da kanki? A kan ɗan fari? Ina kunyar taki?"

Na ce, "Yaya, gidan sauron fa?"

"Baƙo ne ya zo. Baƙo ai shi ne gaba. Yaro kuma da zazzaɓi yake girma. Mun ba shi rubutu, ga makaranta ma bai fasa ba sai da ya kasa tashi."

Na so in faɗa masa maganar da ba ta gyaruwa, na haɗiye. Na shiga ɗakin baƙin ba sallama, na tsinke igiyoyin gidan sauron a kan mai tumbin, ya farka yana salati. Matan gidan suka fito suna tafa hannu, wai yau sun ga marar ta ido. Na ce a hura mini wuta, a kuma kira mai amalanke, gobe sai asibitin Nasara a yi wa yaron allurar kini, maganin zazzaɓi.

Da ruwan maganin ya dahu na zauna a ƙasa a tsakar gidan, na ɗora kansa a cinyata. Jikin nan kamar garwashi, wuyan ya zama siriri. Na kira sunansa da ƙarfi, kowa yana ji, na kai masa ƙoƙon baki ina shafa goshinsa.

Ya buɗe ido ya daɗe yana dubana. Sai ya yi ƙoƙarin janye kansa daga cinyata, ya ce a hankali, "Inna, ba ƙanena ba ne. Ni ne fa."