Layin da Ba Ya Cikin Jarida

Gaban Ɗanladi ya faɗi ne ran wata Laraba bayan la'asar, a zauren Malam Salihu da ke unguwar Soron Ɗinki, sa'ad da ya ji malamin ya karanta abin da ba ya kan takarda.

Malam Salihu maɗinkin hula ne, ya ba hamsin baya. Da girmansa ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci. Tun daga nan, duk ranar da jarida ta iso, maƙwabta kan cika zaurensa ya karanta musu da ƙarfi, don yawancinsu ajami kaɗai suka sani. In an watse sai samari huɗu su rage, har da Ɗanladi da ya gama makarantar Midil bara. Su kaɗai suka san Malam ne ke aika wa jaridar labaran birni da sunan Mai Kallo.

Yana ɗinki yana koya musu. "Ban da 'an ce'. Wa ya ce? Taka ka je ka gani, ka tambayi mutum uku da ba su san juna ba. Wanda ba a barinsa ya yi magana gaban manya, ku ne bakinsa. Amma ku sani, ranar da za a zo nemanku, ba da goro za a zo ba."

Labarin ranar na wani attajiri ne a unguwar Koki da ya zagaye rijiyar unguwa da katanga, ya hana kowa ɗiba. Malam ya haddace abin da ya rubuta, don haka yana karatu idonsa na kan jama'a. Ya ce, "Magina kuma sun ce an rantsar da su kada su faɗi wanda ya sa su." Ɗanladi na gefensa yana bin layin da ido. Babu wannan magana. Edita ya cire ta.

Ɗanjuma, baran attajirin, yana bakin ƙofa da tasa jaridar a buɗe.

"Malam, wane layi kake? Ko taka daban ake buga maka?"

Aka yi dariya. Malam ya ce, "Tsufa ne, Ɗanjuma. Ido ya fara yi mini gyara."

"To, Allah ya ƙara lafiya, Mai Kallo." Ya naɗe jaridarsa ya fita.

Ran Asabar da hantsi 'yan doka suka zo. Malam ya soke allura a jikin hular da yake ɗinkawa, ya sa takalmi. Da za a wuce da shi ta gaban Ɗanladi, sai ya ce masa a hankali, "Ƙirga su. Biyu ne. Kada ka rubuta goma."

Ɗanladi ya rubuta biyu. Sau uku yana sake takarda, sannan ya kai labarin gidan waya da kansa don a aika wa jaridar. Har yanzu ko sallama aka yi a ƙofar gidansu sai ya leƙa ya ga ko 'yan doka ne.

Yau kwana shida da kama Malam. Turai, matar Malam, kullum tana aika tuwo wurin 'yan doka, ana dawo da kwanon a rufe. Ba a faɗi inda yake ba, ba a sa ranar zuwa gaban alƙali ba, jaridar wannan mako kuma ba ta iso ba tukuna.