Tokue Ta Ƙi Bar wa Barewa Lambunta

Gidan da aka kai Tokue aure shi ne na ƙarshe a ƙauyen, can gindin dutse a tsaunukan Yamagata. Rana ba ta leƙa bayan gidan sai ta take tsaka, kafin ka shanye kofin shayi kuma ta wuce. Shekarar farko ta shuka gauta da kokwamba, suka yi tsawo siri-siri, suka kwanta. Surukarta ta ce, "Ki huta, 'yar nan. Wurin nan ko aljani ya shuka ba zai girba ba."

Da ƙanƙara ta narke, Tokue ta bi mata kan dutse tsinkar tohon giboshi, ganyen nan mai faɗi da ake ci da miso, irin daddawarsu ta waken soya, tun yana naɗe. Kowacce ta cika kwando da ganye, ita kuwa saiwa ta tono.

"Ikon Allah!" in ji maƙwabciyarta Haruno. "Abin da dutse ke bayarwa kyauta, shi za ki zauna kina yi wa ban ruwa?"

"A inuwa na same shi, inuwa kuma ita nake da ita," in ji Tokue.

Ya kama kuwa. Duk bayan shekara uku ta tone shi ta raba saiwar da tsohuwar wuƙa. Ta dasa kogomi a tsakani, mai ganye kamar gashin tsuntsu, don ƙasa ta riƙe laima, ta jera myoga, wani dangin citta, a jikin katanga. Dodon koɗi ya zo ya huda ganyen kamar rariya, ta riƙa fita da sassafe tana tsince su ɗaya-ɗaya da sandunan cin abinci tana jefawa a ruwan gishiri. Mijinta Sadakichi, mai sarar katako, yakan kawo mata ruɓaɓɓen ganye daga daji a buhu, yana mita yana kawowa, har ya rasu.

Tana da shekara saba'in da shida aka shiga wani hali. Matasa sun watse birni, maharba sun tsufa, bareyi suka fara saukowa har cikin gidaje. Wata safiya ta fito ta tarar an aske lambun ƙwal, aikin shekara hamsin, sai guntayen kara da sawun kofato.

Ɗanta Nobuhiro ya zo daga birnin Sendai, ya tsaya yana kallon wurin.

"Mama, don Allah ki dubi shekarunki. A zuba siminti a nan, ki taho mu zauna tare. Akwai ɗaki, akwai baranda, ki sa tukwane biyu ki shuka abinki."

"Tukwane biyu! Wato in tattara in gudu saboda akuyar daji?"

"Ba gudu ba ne, Mama."

"To mene ne sunansa a birni? Kai ka gyara motarka, ta take mini myoga."

Ya tafi ransa a ɓace. Ita kuwa ta lura bareyin ba su taɓa furen suisen da ke bakin ƙofa ba, sai ta bi gidajen da aka rufe ta roƙi masu su a waya, ta tono suisen ta kewaye lambun da shi. Ta sari gora ta kafa, ta soma ɗaura raga. Tana kan tsani ta zame ta faɗo, wuyan hannunta ya karye. Likita ya ce mako shida ba aiki. Kwana huɗu kawai ta huta, ta koma kan ragarta.

Haruno ce ta riƙe mata gorar, ita da ke dogara sanda.

"Tsohuwar banza, za ki kashe mu duka a kan ganyen miya."

"Riƙe da kyau, bakinki ya fi hannunki ƙarfi."

Tokue ta ja igiya da hannu ɗaya, ta ƙulle da haƙori.

Rabin giboshin bai sake fitowa ba, har da wani mai fari a gefen ganye da ta fi so. Sauran ya tsiro da bazara, ƙanana, kamar masu jin kunya. Sau biyu bareyi suka yaga ragar, sau biyu ta ɗinke.

Yanzu shekarunta tamanin da uku, a durƙushe take cirar ciyawa a kan tsohon matashi. Nobuhiro ya daina maganar Sendai. Bara ya zo da wayar shinge ya kafa da kansa, tana zaune tana gaya masa duk inda ya karkace.