Ni ce mai shafa sholisho

Mijina mai faci ne a bakin titi, kusa da gidan hayar da muke a Rafin Guza. Sana'ar ba ta yiwuwa sai da sholisho, gam ɗin nan da ake shafa wa tiyub kafin a liƙa faci, kuma tun kafin aurenmu hancinsa ya fi tayoyin mutane shan sa. Ranar da aka kama shi, bayan ya fasa wa wani mai keke napep baki a kan abin da shi kansa bai iya tunawa ba, ban yi kuka ba. Na ƙarasa wankina, na shanya, sannan na tafi wajen 'yan sanda.

Alƙali ya yi masa sassauci. Maimakon gidan yari, ya tura shi wata cibiya da ake kula da masu shaye-shaye, ya yi 'yan watanni a can. Da za a sallame shi, ma'aikaciyar da ke lura da shi, wata 'yar Kudancin Kaduna mai fara'a, ta zaunar da mu ta faɗa mana sharaɗin kotu. Duk Talata zai zo a duba shi, kuma kada a ga sholisho a hannunsa ko a gidansa. In aka gani, ɗaurin da aka jingine zai hau kansa.

"To ranki ya daɗe, da yawu zan riƙa facin?" in ji shi.

Ta yi dariya ta ce ya nemi wata sana'a. Da zuciya ɗaya ta faɗa, ban ga laifinta ba. Ya gwada dako a Babbar Kasuwa, bayansa ya ƙi, ya dawo ya kwanta yana kallon rufin ɗaki. Ni na kawo dabarar, har ina jin kaina mai wayo.

Shi zai cire tiyub, ya tsoma a ruwa ya gano huda, ya kankare wurin. Sai ya kawo ƙofar ɗaki ya yi sallama kamar baƙo, in karɓa. Gwangwanin yana wajena, a bayan kwanuka, bai ma san inda yake ba. In shafa, in jira gam ya sha iska, in danne faci, in miƙa masa ta labule. Masu babur suna yaba aikin, shi kuma yana karɓar yabo ba kunya.

Gidan haya ba ya da sirri, kuma warin sholisho ba ya ɓuya. Saboda haka nake rufe ƙofa da taga kafin in buɗe murfin, in zauna ina jiran gam ya yi danƙo.

Ya kamata in faɗi yadda nake a lokacin. Tun kamun nan ban ƙara jin komai ba. Ba baƙin ciki, ba murna. Abinci duk ɗanɗano ɗaya, a gidan biki da gidan gaisuwa fuskata ɗaya. Da ya dawo gida mata suka cika ɗaki suna barka, ni ina tunanin wanda zai wanke kofuna. A cikin jiran nan ne kawai kaina yake yin sakayau, in ji kamar an sauke mini tulu. Wata rana na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai, kuma dariyar ta yi mini daɗi.

Daga nan na fara kasa kunne ina jiran sallamarsa. Ranar da ba a samu faci ba, nakan buɗe gwangwanin don in duba ko ya bushe. Bai taɓa bushewa ba.

Shi kuwa yana ta samun sauƙi. Ya yi ƙiba, yana sallah a kan lokaci, duk Talata ya dawo yana ba ni labarin yadda aka yaba masa. Ma'aikaciyar har gaisuwa take aiko mini, wai ni ce maganinsa. Ina cewa madalla.

Wata Litinin da la'asar ya shigo da murna. Wani mai shagon taya a Kawo ya ɗauke shi aikin sa iska da canjin taya, ba ruwansa da gam.

"Maman yara, an gama. Kawo abin nan in jefa a kwata."

Na ɗauko na ba shi. Sabo ne, ko mako bai yi ba da aka sayo, kuma ya san facin da ya kawo mini bai taka kara ya karya ba. Ya girgiza shi a kusa da kunnensa, ya ji saura kaɗan. Ya daɗe yana kallon idanuna, sannan ya zauna a bakin gado.

"Tun yaushe?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiyata ke nan.

"Gobe tare za mu je," in ji shi.

"In na je za su tambaye ni inda na samu. Za su san a ɗakin nan yake tun farko. Ɗaure ka za a yi."

Ya ce ya sani. Ya tashi ya buɗe akwati, ya ciro hijabina na unguwa ya rataye a ƙofa, sannan ya fara ninke kayansa yana sawa a leda.