Likkafanin Baba Ya Haye Ruwa

Abubuwa da yawa sun fice min daga kai, har da sunayen ɗaliban da na koyar, amma makon da tauraruwa mai wutsiya ta kusa raba ni da mahaifina ba zai taɓa ɓace min ba.

Lokacin ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Yelwa, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Da tauraruwar ta fito, kullum bayan magariba sai na tara yaran unguwa ina nuna musu ita can yamma, kanta a ƙasa, wutsiyarta a miƙe sama. Ina cikin wannan burga ne Inna ta kira ni a waya.

"Ki taho gida," ta ce. "Ubanki ya kwanta, ya ce shi anka zo ɗauka."

"Wa yaz zo ɗaukar shi, Inna?"

"Tauraruwa. Yau kwana uku ko kunu bai sha ba."

Baba masunci ne a wani ƙauye kusa da Warra, bakin tafkin Kainji. A zamaninsa ba a zancen giwan ruwa a yankin ba a ambaci sunansa ba. Shekara biyu kafin wannan lokaci yayyena maza suka hana shi shiga ruwa, wai ya tsufa, suka jawo kwale-kwalensa suka kife a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. A wajenmu kuwa tsofaffi sun yi imani cewa idan tauraruwa mai wutsiya ta bayyana, wani babban mutum ne zai rasu. Baba ya duba gabas ya duba yamma, bai ga wani babban mutum ba sai shi.

Da na isa na tarar har ya aika an sayo likkafani, ya naɗe shi ya yi matashi da shi. Na so in yi dariya, amma da na ga yadda idanunsa suka faɗa, sai na fasa. Mutum ne mai hawan jini, ga shi ya daina cin abinci ya daina shan magani. Na san tauraruwa ba ta kisa, amma yunwa tana yi.

Nan da nan na tuɓe mayafi na shiga aiki. Na kife ƙwarya a tsakar gida na ce wannan ita ce rana. Na jera lemo da goruba kewaye da ita na ce ga duniyarmu ga sauran duniyoyi. Sannan na ɗauko dunƙulen daddawa, na maƙala masa zare, na riƙa zagaya ƙwaryar da shi. Na ce ai ba ma tauraruwa ba ce, dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, zafin rana ne ke narka shi ya fitar da wannan wutsiya. Na ce tafiyarta take yi tun kafin a haifi kakan kakansa.

"Baba," na ƙarasa, "wannan abu bai san da zamanka ba. Bai ma san akwai Warra ba."

Wallahi da na san abin da wannan magana za ta yi, da na haɗiye ta. Baba ya dube ni tsawon lokaci, sannan ya juya fuskarsa bango.

"To," ya ce. "Har ɗiyata ta ce ni ba kowa ba ne."

Daren nan ko ruwa ya ƙi sha. Ni kuwa haushi ya cika ni, na riƙa mita ina cewa an kashe kuɗi an kai ni makaranta amma ba a son jin gaskiya. Inna ta miƙo hannu. Daddawarta kawai ta karɓe ta mayar cikin tukunya.

Washegari da magariba Inna ta sa muka ɗauko shi da tabarmarsa zuwa bakin ruwa, wai ya kamata mutum ya ga wanda ya zo ɗaukarsa ido da ido. Wannan ya yi masa daɗi, bai yi musu ba. Muka zauna, jan sararin ya dushe, tauraruwar ta fito a kan ruwa.

"Malam," in ji Inna, kamar mai tambayar farashin gishiri, "kai da kas san kihi, in shina tahiya, ina kanshi ka kallo?"

"Inda za shi mana," Baba ya amsa da ƙyar.

"To wagga, ina kanta yak kalla?"

Baba ya ɗaga kai. Kan tauraruwar ya nufi yamma, ƙetaren tafki, wutsiyar ce take wajenmu. Na buɗe baki zan ce ba haka abin yake ba, wutsiyar kullum rana take ba wa baya, hasali ma idan tana komawa wutsiyar ce ke gaba. Inna ta sa diddige ta take min ɗan yatsan ƙafa har sai da na ga wasu taurarin.

A can ƙetaren kuwa akwai taubashin Baba, shi ma tsohon masunci. Tun suna yara suke tsiya da juna, kowa na cewa shi ya koya wa ɗan'uwansa jefa birgi, ragar nan ta kamun kifi.

Baba ya tashi zaune da kansa. "Wancan?" ya ce. "Wancan tsohon banzan za a aiko ma tauraruwa ina nan da raina?" Ya yi ta huci. Can ya ce, "Akwai sauran tuwo?"

Malmala biyu ya ci da miyar kifi, ya sha maganinsa, ya ce a birkice masa kwale-kwale da asuba. Yayyena suka fara gardama, Inna ta yi musu kallo ɗaya suka je neman filafili. Babban yayanmu ya dage sai dai a tafi a jirginsa mai inji, Baba ya yarda da sharaɗin shi zai riƙe tuƙi. Ya ɗauko likkafanin ya saƙale a hammata, ya ce ba a zuwa wajen mai tafiya hannu rabbana.

Muka tarar da taubashin a inuwa yana ɗinkin komar kamun kifi, lafiyarsa lau. Baba ya ajiye masa likkafanin a cinya ya ce ya zo yi masa bankwana, ya kuma yafe masa duk ƙaryar da ya yi a kan girman kifi. Da tsohon ya ji bayani, maimakon ya tsorata sai ya gyara hula.

"Ai dama na sani," ya ce. "In ba ni ba, wa za a yi ma hitila a sama? Kai?"

Na ga jijiyar wuyan Baba ta tashi. "Kai da kat taɓa kihewa a ruwan da bai kai gwiwa ba?"

"Amma dai ni tak kalla."

"Ba ta kalle ka ba!" Baba ya daka tsawa. "Ba ta san da zamanka ba! Ƙanƙara ce da ƙura, rana ka narka ta. Tahiyarta takai tun ba a haihi kakan kakanka ba!" Ya fizge hular taubashin ya kife a ƙasa ya ce ga rana, ya ɗebo duwatsu ya jera duniyoyi, bai kuskure ko ɗaya ba. Sannan ya juyo gare ni. "Malama, gaya mishi. Ɗiyata ce, ita ka koyar da abin a Yelwa."

Dariya nake yi, hawaye kuma na zuba. Ashe duk abin da na yi da daddawa ya shiga kunnensa tun ranar farko.

Sai la'asar muka juyo, bayan sun cinye kaza sun kuma yi faɗa a kan wa zai riƙe likkafanin. A ƙarshe taubashin ya riƙe, ya ce zai sa a ɗinka masa taguwa. Muna tsakiyar ruwa Baba ya nuna wani wuri da haɓa, ya ce wa yayana nan ne tsohon garinsu yake kafin ruwa ya ci shi, kuma kifi na taruwa a kan kufan a irin wannan wata. Yayana ya ce shi bai taɓa sani ba.

"Ba ka tambaya ba," in ji Baba, idonsa a kan ruwa. "Shekara biyu ba wanda yat tambaye ni komi."

Baba ya ƙara shekaru bayan wannan, kuma tun daga ranar yayyena ba sa fita kamun kifi sai sun tsaya sun ji ta bakinsa. Ni kuwa na koyi abin da ba ya cikin littafin da nake koyarwa. Na je da amsa a hannu ban tsaya na ji abin da ke damun mutumin ba. Baba bai jahilci sama ba, a ƙasa ne muka daina kallonsa, har sai da ya ɗaga kai yana neman wanda ya san da zamansa.